Wa Ke Riƙe da Rumbun da Sunayenmu Ke Ciki?

 

Duk wanda ya riƙe wayar hannu tun farkon shigowarta Najeriya ya san labarin layin da ya fara da sunan Econet a 2001. A 2004 aka wayi gari ya zama Vmobile, a 2006 ya zama Celtel, a 2008 Zain, a 2010 kuma kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi ya raɗa masa Airtel. Lambarka tana nan yadda take, amma masu ita suna ta sauyawa, kuma ba a taɓa kiranka an ce malam, za mu sayar, me ka gani? 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga irin wannan a 2019, da Orange ya tattara ya bar ƙasar, layin ya koma Zamani. Dattawan da suka yi ajiya a Bank of the North kuwa sun tuna 2006, lokacin da aka narkar da shi cikin Unity Bank. Saye da sayar da kamfani dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da nake so mu duba yau shi ne irin wannan ciniki idan ya faɗa kan manhajar da ke ajiye bayanan jama'a, wadda ake kira rumbun bayanai.

Rumbun bayanai manhaja ce da ke zaune a cikin babbar kwamfuta, aikinta ta karɓi bayani, ta jera shi, ta tsare shi, ta fito da shi duk lokacin da aka nema. Kuɗin da ke asusunka na banki, lambarka ta ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawar ɗanka, sunanka a rajistar masu ƙaramin ƙarfi da gwamnati ke raba tallafi da ita, duk a irin wannan rumbu suke kwance. Ba ka ganinsa, ba ka san sunansa ba, amma ranar da ya tsaya za ka ji a jikinka, domin ranar ce ma'aikaci zai kalle ka ya ce ba a ga sunanka ba.

Mu leƙa ɗakin shan magani na mazaɓa a ranar rigakafi. Uwa ta zo da jariri a goye, ma'aikaciyar lafiya ta ɗiga masa maganin shan inna, ta yi masa allura a cinya, ta rubuta a katinsa, sannan ta buɗe doguwar rijista mai faɗin shafi ta sa sunansa da kwanan wata. Idan wata ya ƙare, mai kula da asibitin zai zauna da biro ya ƙirga: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka haihu a nan, mutum nawa aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Ya cika fam, ya hau mashin ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma idan hanya ta yi kyau. A can jami'in tattara alƙaluma zai buɗe kwamfuta ya shigar da su cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Najeriya ta ɗauka a matsayin ma'ajiyar alƙaluman lafiya ta ƙasa fiye da shekara 10 da suka wuce, kuma Jamhuriyar Nijar ma da ita take aiki. Da waɗannan alƙaluma ake lissafin maganin da za a turo Isa, da gidan sauron da za a turo Sabon Birni. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar gina DHIS2, ita kuma DHIS2 tana zuba duk abin da aka ba ta a wani rumbu da ake kira PostgreSQL. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

A wani yanki na ƙasar, idan kwamfuta ta ɓatar da bayani, sai a koma wa rijistar takarda da ke kan kanta. Mu a nan gabashin Sakkwato ba mu da wannan tabbaci. Shekarun da muka kwashe cikin bala'in 'yan bindiga sun sa an rufe asibitocin ƙauye da dama, ma'aikata sun janye, rijistoci sun zauna a ɗakunan da babu kowa, gara da ruwan sama suna ci. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suka taru a cikin garin Sabon Birni da Isa a makarantu da gidajen dangi. Matar da ta fito da tsakar dare da yara uku ba ta tsaya neman katin rigakafi ba. Sau da yawa abin da aka riga aka shigar a kwamfuta shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa an taɓa yin aiki a ƙauyen. Shi ya sa maganar wanda ya mallaki rumbun ta fi shafarmu fiye da mutanen da ke zaune lafiya.

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke ɓoye rubutun da aka gina ta da shi, ya ba ka hayar amfani, ka biya lasisi kowace shekara, kuma da dala. Akwai kuma buɗaɗɗiyar manhaja, wadda masu ita suka baje rubutun a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu ba tare da neman izini ba. Ƙasashe irin namu sun rungumi iri na biyu saboda dalili mai ƙarfi. Dalar da ake canzarwa a kan naira 460 da 'yan kai a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Ma'aikatar da ta ɗora asibitocinta kan lasisin dala ta ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara mata komai ba. Ina goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja, kuma ina ganin ita ce hanyar da ta dace da mu. Sai dai mutane da yawa, har da masu ilimin kwamfuta, suna ɗauka cewa da zarar an ce manhaja buɗaɗɗiya ce, to shi ke nan babu mai iko da ita. Labarin MySQL ya nuna cewa abin ya fi haka zurfi.

A 1995 wasu mutum uku, Michael Widenius ɗan ƙasar Finlan wanda aka fi sani da Monty, da abokansa David Axmark da Allan Larsson na Suwidin, suka fitar da rumbun bayanai suka sa masa MySQL. Mai sauƙi ne, mai sauri, kuma kyauta. Cikin 'yan shekaru ya zama ginshiƙin intanet: Facebook a kansa ya tashi, Wikipedia ma haka, haka miliyoyin shafukan da aka gina da WordPress. Manhajar asibiti ta OpenMRS, wadda aka fara a 2004 domin kula da masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta ƙasar Kenya, ita ma a kansa aka ɗora ta, kuma a kan OpenMRS ɗin aka gina NMRS, ɗaya daga cikin manhajojin da asibitocin Najeriya ke ajiye bayanan masu karɓar maganin ƙanjamau. Amma duk da cewa rubutun a buɗe yake, sunan MySQL da haƙƙin mallakar rubutun da albashin ƙwararrun da ke gina shi duk suna hannun kamfani ɗaya, MySQL AB. Kamfani kuwa haja ne, ana iya taya shi. A 2008 Sun Microsystems na Amurka ya taya a kan kusan dala biliyan 1, aka sallama.

Ba a rufa shekara biyu ba sai Sun ɗin kansa ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A watan Afrilun 2009 kamfanin Oracle ya sanar zai saye shi a kan dala biliyan 7.4. A nan ne hankalin mutane ya tashi, domin Oracle shi ne babban mai sayar da rumbun bayanai na kuɗi a duniya, wanda bankuna da gwamnatoci ke biya da tsada. Wato mai sayarwa ne zai mallaki abin da ake rabawa kyauta, wanda ke janye masa masu saye. Kuma tun 2005 Oracle ya riga ya saye Innobase, ƙaramin kamfanin Finlan da ya ƙera InnoDB, wani muhimmin sashe da MySQL ke dogaro da shi wajen tsare bayanai. Hukumar Tarayyar Turai ta tsayar da cinikin ta yi bincike na watanni. Monty ya fito ya tara sa hannun dubban mutane yana roƙon kada a yarda. A Disambar 2009 Oracle ya fitar da alkawura 10 a bainar jama'a, cewa zai ci gaba da raya MySQL a buɗe, amma alkawuran na shekara 5 ne kacal. A Janairun 2010 Turai ta amince, aka kammala ciniki.

Ku lura da wanda ya samu kujera a wannan zama. Turai ta samu, Amurka ta samu. Babu wanda ya tambayi wata ma'aikatar lafiya a Afirka, alhali asibitocinmu na cikin masu dogaro da abin da ake cinikinsa. Muna da hukumar FCCPC a Abuja da ke duba haɗewar kamfanoni, amma a lokacin ba a ma kafa ta ba.

Gaskiya ita ce Oracle bai kashe MySQL ba. Ya ci gaba da fitar da sababbin zubi, har zuwa na 8.0 a 2018 da waɗanda suka biyo baya, kuma har gobe ana saukar da shi kyauta. Amma tun 2011 ya fara ware wasu ƙarin sassa ya ce sai wanda ya biya, kuma shawarar inda manhajar za ta dosa ta koma cikin ofishin kamfani. Sauran kayan da ya gada daga Sun ba su ji da daɗi ba. OpenSolaris ya mutu a 2010. Masu gina OpenOffice suka fice a shekarar suka kafa LibreOffice. Java kuwa, harshen da aka rubuta DHIS2 da OpenMRS da shi, Oracle ya fara cajin kamfanoni kuɗi a kan nasa zubin daga 2019, a 2023 kuma ya mai da lissafin bisa yawan ma'aikatan da kamfani ke da su. Abin da ya cece mu shi ne akwai buɗaɗɗen zubi mai suna OpenJDK da ya rage kyauta.

Shi kuwa Monty bai jira ya ga ƙarshen alkawari ba. Tun 2009 ya ɗauki kwafin rubutun, kamar yadda lasisin ya ba kowa dama, ya ɓalle da wasu tsofaffin abokan aikinsa suka ci gaba da gini da sabon suna, MariaDB. A 2013 Wikipedia ta kwashe kayanta ta koma can, don haka duk maƙalar da kuka karanta a Wikipedia ta Hausa daga MariaDB ta fito. To amma shi ma kamfanin da aka kafa domin cin riba da MariaDB bai tsira ba. Ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Disambar 2022, darajarsa ta faɗi warwas, ya sallami ma'aikata, a Satumbar 2024 wani kamfanin zuba jari mai suna K1 ya saye shi. Abin da ya rage wa masu amfani da shi na kwanciyar hankali shi ne gidauniyar MariaDB da aka kafa daban tun 2012, wadda ba ta shiga cikin cinikin ba.

Misalan suna da yawa, zan ratsa su da sauri. A 2015 Apple ya sayi FoundationDB, rumbun da ake saukarwa kyauta duk da ba a buɗe rubutunsa ba, nan take aka rufe ƙofar saukarwa, sai a 2018 aka sake shi a buɗe. A 2019 IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34, a Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, manhajar Red Hat da dubban manyan kwamfutoci ke tafiya a kanta, wadda aka yi alkawarin kula da ita har 2029, za a daina kula da ita a ƙarshen 2021. Wasu kuma ba sayen su aka yi ba, neman riba ne ya tura su: MongoDB ya sauya lasisinsa a 2018, Redis ya sauya a Maris na 2024, har jama'a suka ɓalle suka kafa Valkey a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Kada ku ce waɗannan sunaye sun yi mana nisa. Yaran nan da ke zagayawa da waya suna cika fam a sansanin 'yan gudun hijira, da dama daga cikinsu da manhajar ODK ko KoboToolbox suke aiki, kuma KoboToolbox na amfani da MongoDB da Redis a cikin cikinta.

Ba na zargin wanda ya gina abu da guminsa don ya sayar. Halal ɗinsa ne, kuma masu rubuta manhaja su ma suna da iyali da za su ciyar. Wani lokaci ma sayen ne ke ceto aikin da ya kusa durƙushewa. Abin da ke damuna shi ne wanda nauyin ke faɗawa a kansa idan abu ya juya. Ana cewa ai rubutun a buɗe yake, in an takura muku ku kwafa ku tafi. Haka ne, ga mai ƙafa. Wikipedia tana da injiniyoyi, ta yi ƙaura lafiya. Amazon da Google suna da dubbai, cikin kwanaki suka tsaya wa Valkey. Sashen lafiya na ƙaramar hukumar Isa injiniya nawa gare shi? Ofishin da ke fama da kuɗin man janareta, idan aka ce masa rumbun da kake kai an daina toshe masa ɓaraka, ka koma wani, wa zai yi masa wannan aiki? Abin da ke faruwa a irin wuraren nan shi ne a ci gaba da amfani da tsohon zubi shekara da shekaru, ƙofofinsa a buɗe ga ɓarayin intanet, har ranar da kwamfutar za ta mutu da duk abin da ke cikinta.

Yanzu mu koma kan PostgreSQL. Ku ɗauki rijiya biyu a gari ɗaya. Ta farko wani bawan Allah ne ya haƙa a filinsa, ya ce kowa ya ɗiba. Shekara 20 ana sha ana sa masa albarka. Ranar da ya sayar da filin, ko magada suka raba, sabon mai fili na iya barin ta a buɗe, yana iya kewaye ta ya sa mai karɓar kuɗi, kuma bai karya doka ba. Ta biyu kuwa wakafi aka yi ta, da shaidu, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa abin da aka yi wakafi ya fita daga kasuwa, ya fita daga rabon gado. Ruwan duka biyun kyauta ne a yau, amma makomarsu ba ɗaya ba ce. MySQL ita ce ta farko. PostgreSQL ya fi kusa da ta biyu. Ya samo asali daga wani bincike da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 wata ƙungiyar masu sa kai daga ƙasashe da kamfanoni daban-daban ke riƙe da shi. Babu kamfani ɗaya da za ka je ka saya ka ce ka mallaki PostgreSQL. Waɗanda suka zaɓa wa DHIS2 wannan rumbu sun yi mana alheri, ko da ba su san da mu ba.

Duk da haka ban ce mu saki jiki ba. Manyan kamfanoni sun gane ba za su iya sayen rumbun ba, sai suka koma sayen kamfanonin da ke kewaye da shi, inda ƙwararrunsa ke cin abinci. Microsoft ya sayi Citus Data a 2019. A 2025 Databricks ya sayi Neon, Snowflake kuma ya sayi Crunchy Data. Wanda ke biyan albashin magini yana da ta cewa a kan abin da za a fara ginawa, kuma buƙatar asibitin da ba shi da wutar lantarki ba ita ce a gaban waɗannan kamfanoni ba. Ita kanta DHIS2, ba mai sayen ta, amma da kuɗin masu ba da agaji take numfashi. Mun ga abin da ya faru a farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ta rushe hukumar USAID: ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cak, har da na tattara alƙaluma. Kayan aro ba ya rufe katara, ko daga kamfani aka aro shi ko daga mai kyauta.

Akwai wani ɓangare da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne ya fi kusa da mu. Ƙungiyoyin agaji da 'yan kwangila suna zuwa yankin nan da manhajojinsu. A tara mutane a filin makaranta, a rubuta sunan mai gida, da matansa, da 'ya'yansa, da ƙauyen da ya baro, da lambar wayarsa, wani lokaci har da hotonsa da zanen yatsunsa. Mutum ya bayar, domin yana jin yunwa kuma an ce sai da haka za a ba shi buhu. Ina bayanan nan suke tafiya? Idan ƙaramin kamfanin da ya gina manhajar aka saye shi gobe, rumbun da abin da ke cikinsa sukan bi sabon mai shi. A wani wuri wannan magana ce ta talla da saƙonnin damuwa a waya. A nan ƙasar Gobir magana ce ta rai. Jerin sunayen waɗanda suka gudu daga wani ƙauye, da wanda ya karɓi kuɗi da nawa ya karɓa, idan ya faɗa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kun san abin da zai biyo baya, ba sai na faɗa ba. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar da za ta kula da ita. Dokar ta ba ka haƙƙin ka san abin da za a yi da bayananka da wanda za a miƙa wa. Amma doka ba ta aiki da kanta a ƙauye, sai hakimi ko kansila ko shugaban kwamitin raya mazaɓa ya tsaya ya yi tambayar kafin a fara rubuta suna.

Sannan mu mun ɗanɗana abin da wasu ke karantawa a takarda kawai. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14, Sabon Birni da Isa na ciki. Mutane suka riƙa neman tudu ko su matsa bakin iyaka su kama layin Nijar don su gaisa da 'yan'uwa. A lokacin duk wata manhajar da ba ta motsi sai da intanet ta zama kwalliya. Wadda ta yi amfani ita ce mai ajiye bayani a cikin wayar har ranar da za a samu layi. Yawancin kamfanonin da ke sayen rumbunan nan kuwa inda suke tura mutane shi ne a bar komai a manyan kwamfutocinsu da ke Turai da Amurka, a riƙa biyan haya wata-wata. Wannan tsari an yi shi ne domin wuraren da layi ba ya yankewa. Duk wanda zai kawo mana manhaja, a tambaye shi ko tana aiki idan babu layi na wata guda, kuma a sa shi ya nuna a gaban mutane.

Ga ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar kula da lafiya a matakin farko, ina da roƙo. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da ƙungiya ko ɗan kwangila, a rubuta a ciki cewa bayanan na jiha ne, za a riƙa ba da cikakken kwafi a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kuma idan aka sayar da kamfanin ko aikin ya ƙare, ba za a miƙa bayanan ga kowa ba sai da izini. A ajiye kwafi a Sakkwato, a hannun ma'aikacin gwamnati mai suna da ofis, a riƙa gwada buɗe shi lokaci-lokaci a tabbatar yana aiki. Wajen zaɓen rumbu kuma, kada a tsaya a kan cewa kyauta ne. A bincika wa ke riƙe da sunan, wa ke biyan maginan, kuma kamfani ɗaya ne ko gidauniya. Rijistar takarda ma kada a yi saurin yar da ita. A riƙa kwaso waɗanda suka cika daga ƙauyukan da ke cikin haɗari ana adana su a hedikwata.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da mutane, kuma a nan ne nake ganin mun fi sakaci. Amfanin buɗaɗɗiyar manhaja shi ne ɗanka zai iya buɗe cikinta ya koya ba tare da ya biya ko sisi ba. Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da jami'ar jiha, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kowace shekara suna yaye ɗalibai a fannin kwamfuta, cikinsu akwai 'ya'yan Isa da Sabon Birni da ke zaune ba aiki, wasu suna sana'ar POS a bakin kasuwa. A Kano, ƙungiyar eHealth Africa da aka kafa a 2009 ta nuna cewa yaran Arewa na iya riƙe manyan ayyukan bayanai, domin da irin aikin taswira da bin sawun masu rigakafi da aka yi a can aka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Matashi mai ƙwazo, da tsohuwar kwamfuta da wanda zai nuna masa hanya, zai iya koyon kafa PostgreSQL ko MariaDB, da ɗaukar kwafi, da mayar da shi idan na'ura ta lalace. Kowace ƙaramar hukuma a gabashin Sakkwato tana buƙatar aƙalla mutum biyu masu wannan ilimi, 'yan asalin wurin, waɗanda ba za su tattara su tafi ba ranar da kwangilar wata ƙungiya ta ƙare.

'Yan majalisarmu na jiha masu wakiltar Isa da Sabon Birni, idan an kawo kasafin kuɗin lafiya gabanku, ku nemi layin da aka ware wa horar da waɗannan matasa da ɗaukar su aiki, da na sayen na'urar ajiyar kwafi da hasken rana da zai riƙe ta. In babu, ku sa a saka. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu kuma, ku kira jami'in alƙaluman lafiya a wannan makon, ku tambaye shi inda kwafin bayanan shekarar bara yake, ku ce ya buɗe muku shi a kan tebur.